Karo-karo, Uban Ƙungiya, Tallafin Waje ko Hubusi: Wanne Zai Riƙe Ƙungiyarku ta Tarihi da Adabi?

Irin ƙungiyar da nake nufi kun san ta, wataƙila ma kuna cikinta. Malaman makaranta biyu ko uku, wani tsohon ma'aikacin gidan rediyo, ɗalibai 'yan jami'a, da wata marubuciya da aka ɗora wa riƙon littafin kuɗi don an yarda da ita. Abin da suke so bai taka kara ya karya ba: zaman karatu duk ƙarshen wata, ɗan ɗakin littattafai a unguwa, naɗar muryoyin tsofaffi kafin ƙasa ta rufe musu ido, ɗaukar hoton takardun ajami da ke cikin gafaka a zauren wani gidan malamai, ko taron Ranar Hausa ta Duniya duk 26 ga Agusta. Ana gama tsara aiki sai a zo kan kuɗi, a nan kuma kai ke rabuwa. Wani ya ce a je wurin Alhaji, wani ya ce a rubuta wa Turawa, wani ya ce mu dai mu riƙa tarawa.

Kafin a zaɓa, sai an raba kuɗin da ake nema gida biyu, don rashin raba su ne ke kashe yawancin irin waɗannan ƙungiyoyi. Akwai kuɗin gini, akwai kuɗin cefane. Na gini shi ne wanda ake kashewa sau ɗaya: kyamara, kwamfuta, kanta, buga littafi, babban taro. Na cefane kuwa kullum sai an fitar: haya, wuta, data, ɗan ihsanin mai buɗe ɗaki da sharewa, ruwan sha ranar zama. Hanyar da ta dace da wannan sau da yawa ba ta dace da wancan ba.

Abubuwa huɗu zan auna kowace hanya da su. Na farko, me za ku kashe kafin kuɗin ya shigo hannu, na aljihu da na lokaci da na mutunci. Na biyu, ɗorewa: bana kawai, ko har baɗi da baɗin baɗaɗa? Na uku, sauƙi, wato yawan takardu da ƙwarewar da ake buƙata. Na huɗu, haɗari, kuma a aikin tarihi babban haɗari shi ne wa ke riƙe da linzamin abin da za a faɗa.

Karo-karon mambobi

Wannan ce hanyar da aka fi rainawa, kuma ita ce wadda na fi ganin darajarta. Ba ta cin komai sai littafi, biro, da ma'ajin da ba ya jin nauyin tuni. A ƙaddara ku arba'in ne, kowa na ba da naira 2,000 a wata, kun tashi da 80,000. Ba za ta sayi kyamara mai kyau ba, amma za ta riƙe ƙofa a buɗe. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Matsalarta biyu. Ta ɗaya, zafin farko kan huce: wata uku na farko kowa na biya, daga wata na shida sai ka ga mutum goma ne ke ɗauke da sauran. Maganin da na ga yana aiki shi ne a karanta shiga da fita a bainar jama'a kowane zama, har kuɗin fiya-wata, kuma kuɗi ya riƙa shiga asusun ƙungiya mai sa hannun mutum biyu, ba asusun shugaba ba. Ta biyu, tsadar rayuwa. A 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari, ke nan kuɗin wata da aka yanke shekara uku da suka wuce ya zama kuɗin goro. Ku rubuta a tsarin mulkinku cewa duk shekara za a sake duba adadin, don kada ƙarin ya zama rigima.

A ƙarƙashin wannan hanya zan saka ɗan abin da ƙungiya kan samu da guminta: sayar da ƙasidun da aka gabatar, ajin koyon ajami na kuɗi kaɗan, hayar kujeru. Ba ya da yawa, amma babu wanda zai yi muku gori a kansa. Ta fuskar 'yanci kuwa babu kamarta. In bincikenku ya gano cewa labarin kafuwar gari da aka saba bayarwa yana da gyara, ba ku da wanda za ku ji tsoron ɓata wa rai sai gaskiya.

Uban ƙungiya: attajiri, basarake ko ɗan siyasa

Nan ne kuɗi ke zuwa da sauri in ya zo. Babu fom, babu Turanci, sai dai a sami wanda zai yi muku iso. Al'adarmu ma ta san wannan: sarakuna da attajirai sun daɗe suna riƙe malamai da mawaƙa da marubuta, kuma har gobe akwai masu yi don Allah, ba sa ma son a ambaci sunansu.

Amma bari in ba ku abin da na gani da idona a wani taron ƙaddamar da asusu. An kama zaure, an buga katin gayyata mai ruwan zinare, an yi abinci, an ɗauko sanƙira mai baki. Babban mai ƙaddamarwa bai zo ba, ya turo wakili. Wakili ya karɓi lasifika ya ce maigida ya ba da naira miliyan biyu, zaure ya ɗauki tafi, aka yi guɗa. Da aka watse, ma'aji ta zazzage kwali a kan tebur, abin da ke ciki bai biya kuɗin zauren da abinci ba, sauran duk alkawari ne a takarda. Daga nan sakatare ya shiga sintiri. "Alhaji ya tafi Umara." "Ka dawo Litinin." "Yallaɓai yana ganawa, amma ya san da maganarku." Bayan wata huɗu aka ba shi kashi ɗaya cikin huɗu a ambulan, ya yi godiya har ƙasa, don da babu gara ba daɗi. Wannan shi ne farashin hanyar: kuɗin taro da za ku fitar tun kafin ku ga komai, da takalmin sakatare.

Ɗorewarta kuma tana rataye da mutum ɗaya. Kasuwa ta juya, ko a faɗi zaɓe, ko rai ya yi halinsa, magada kuwa ba lallai su gaji sha'awar mahaifinsu ba.

Haɗarin da ya fi damuna a nan na abin da za a rubuta ne. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In wanda ya ɗauki nauyin littafin tarihin gari ɗan gidan sarauta ne, babin da ya shafi rikicin gadon sarauta zai fito da laushi, ko a tsallake shi, ko da bai ce a yi haka ba. Ku da kanku za ku ji kunya. In ɗan siyasa ne, hotonsa zai cinye rabin allon taro, 'yan ɗaya jam'iyyar kuma su daina zuwa zamanku. Shawarata ita ce ku roƙi abu, ba kuɗi ba: ɗaki, kanta, sola, kwamfuta. Abu yana shigowa sau ɗaya ya zauna, ba sai an koma gaisuwa duk wata ba. Kuma gara iyayen ƙungiya uku masu ba da kaɗan-kaɗan da guda ɗaya mai ba da duka.

Tallafin gidauniyoyin waje

Wannan ce hanyar da matasa suka fi ɗoki, don adadin kuɗin yana da tsoka. Ga misalai na gaske. Laburaren Birtaniya yana da shirin ceto tsofaffin takardu, EAP, wanda ya fara a 2004 da kuɗin gidauniyar Arcadia. Ƙaramin tallafinsa na gwaji yana kaiwa fam 15,000, babban kuma fam 60,000, an kuma yi ayyuka da shi a Arewacin Najeriya. Gwamnatin Amurka ta buɗe Asusun Jakadu na Adana Al'adu a 2001, ana nema ta ofishin jakadanci. Akwai kuma ƙaramin tallafin gaggawa na gidauniyar Wikimedia, daga dala 500 zuwa 5,000, wanda masu aikin Wikipedia ta Hausa suka san shi sosai. Manyan gidauniyoyi irin Ford mai ofis a Legas da MacArthur mai ofis a Abuja ba kasafai suke fara hulɗa da ƙungiyar da ba ta da tarihin riƙe kuɗi ba, don haka kada ku fara da ƙofarsu.

Kuɗin shiga wannan fage ba kaɗan ba ne. Yawancin masu bayarwa suna son ƙungiya mai rajista, ko wata cibiya da za ta tsaya muku. A Najeriya wannan na nufin rajistar amintattu a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, bisa dokar kamfanoni ta 2020: tsarin mulki a rubuce, sunayen amintattu, sanarwa a jaridu, da jiran kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. Bayan nan sai lambar haraji, sai takardar SCUML, sashen yaƙi da halatta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, wadda banki zai tambaya kafin ya buɗe muku asusu. Kuma rajista ba a gama ta rana ɗaya a huta, duk shekara akwai rahoton da za a miƙa, in an yi sakaci tara ta hau. Sannan sai wanda ya iya rubuta takardar nema da Turanci, da kasafin kuɗi dalla-dalla. Za ku yi wannan duka, ku jira watanni, amsa ta zo cewa ba a dace ba, don masu nema daga ko'ina a duniya suke.

In an dace kuma, wani aikin ne sabo. Kowace naira sai da rasit. Mai adaidaita sahun da ya kai ku ƙauye ba ya da rasit, mai shayin da ya ciyar da masu ɗaukar hoto ba ya da shi, balle goron da kuka kai wa dattijo kafin ya buɗe baki. Ku tanadi takardar shaidar biya da mutum zai sa hannu ko ya dangwala, ku kuma tambayi mai tallafi tun farko ko zai karɓe ta. Ga kuma canji: kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, a 2024 ta wuce 1,500. Wanda ya riƙe tallafinsa a asusun dala ya tsira, wanda aka juya masa duka zuwa naira tun ranar farko ya ga kasafinsa na narkewa kamar ƙanƙara a rana.

Akwai wani sharaɗi da ya kamata ku tauna sosai kafin ku haɗiye. Shirin EAP ba ya fitar da ainihin takardu daga ƙasa, wannan abin yabo ne, amma hotunan da aka ɗauka ana saka su a intanet kowa ya gani kyauta. Ga masu bincike alheri ne. Ga malamin da ya kwance igiyar gafaka da hannunsa, ya busa ƙura, ya nuna muku inda gara ta ci gefen takardar kakansa, maganar daban ce. A cikin irin waɗannan takardu akwai wasiƙun iyali, akwai lissafin bashi, akwai laƙani da asirai da gidan ba ya ba kowa. Dole ku faɗa masa gaskiya da Hausa ƙarara: "Malam, wanda ke Landan da wanda ke bayan gidanka duk za su iya karantawa." In ya ce a ware wasu, a ware. Wanda ya ɓoye wannan don aiki ya tafi, ya rufe wa duk masu zuwa bayansa ƙofar zauren.

Ɗorewa fa? Tallafin waje kuɗin gini ne zalla. Yana da ranar farawa da ranar ƙarewa, shekara ɗaya ko biyu, ba a kuma ba da shi don biyan hayarku ta har abada. Ƙungiyar da ta kama babban ofis ta ɗauki ma'aikata da shi, ranar da ya ƙare sai ta koma ƙasa da inda ta faro. Siyasar ƙasar masu bayarwa ma tana iya juyawa dare ɗaya, kamar yadda aka gani da rufe USAID, hukumar ba da agaji ta Amurka, a 2025.

Gwamnati

Ba zan daɗe a nan ba. Ko a Amurka, inda hukumar gwamnati ta NEH, wadda aka kafa a 1965, ke tallafa wa tarihi da adabi ta hannun ƙungiyoyin raya al'adu 56 na jihohi da yankuna, a Afrilun 2025 aka soke tallafin da rana tsaka, sai da gidauniyar Mellon ta kawo ɗaukin dala miliyan 15, wanda bai cike giɓin ba. In haka ta faru a can, ku auna da namu, inda amincewa a takarda daban, sakin kuɗi daban, sabuwar gwamnati kuma ba ta cika son renon ɗan wadda ta gabata ba. Kuɗin TETFund na manyan makarantun gwamnati ne, ƙungiyar unguwa ba ta isa gare shi sai ta haɗa kai da malamin jami'a.

Abin da ya fi samuwa daga cibiyoyin hukuma ba kuɗi ba ne: zaure kyauta, masana, wurin ajiya, da suna mai nauyi a kan takardar neman tallafi. Gidan Arewa a Kaduna, wanda ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello tun shekarun 1970, Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano, Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da CELHTO, cibiyar nazarin harsuna da tarihin baka, a Yamai ga 'yan'uwanmu na Nijar, duk wurare ne da ya kamata ku ƙulla zumunci da su tun ba ku da buƙata.

Hubusi

Wannan ce hanyar da muka gada muka bari tana barci. Hubusi ko waƙafi shi ne a tsare asalin dukiya, a riƙa cin amfaninta ta hanyar alheri. Asalinsa sananne ne: gonar Sayyidina Umar ta Khaibar, wadda aka tsayar a kan ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gado. A aikace, shago biyu a bakin kasuwa ko gida ɗaya na haya da aka tsayar wa ɗakin karatu ya isa ya biya cefanensa, kuma kuɗin haya yana tashi tare da tsadar rayuwa, abin da kuɗin wata na mambobi ba ya yi da kansa.

Kada a haɗa shi da zakka. Zakka tana da mutanenta takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa, sayen kanta da kyamara ba ya shiga kai tsaye. Hubusi kuwa ƙofarsa a buɗe take ga ilimi. Jihohi irin Kano, Sakkwato da Zamfara suna da hukumomin zakka da hubusi da za a iya neman shawararsu.

Wahalarsa a farko take, kuma babba ce. Samun wanda zai rabu da shago ya fi samun wanda zai ba da dubu ɗari wuya nesa ba kusa ba. Yana iya ɗaukar shekaru ana lallashi. Mutanenmu sun saba tsayar da masallaci da rijiya da Islamiyya, sai an yi bayani kafin su ga adana rubutun malaman garinsu a matsayin sadaka mai gudana. In ƙungiyarku ta fi karkata ga wasan kwaikwayo da waƙa, ku sani tun yanzu jan aiki ne a gabanku.

Haɗarinsa magada ne da amintattu. "Ai Baba ya ce ya bar muku" ba hujja ba ce ranar rabon gado. A mazhabar Malikiyya, hubusin da mai shi ya rasu bai fita daga hannunsa ba yana iya rushewa ya koma cikin gado, in kuma wasiyya ce ba ta wuce sulusi. Don haka a rubuta, a sa shaidu, a karɓi makulli, a fara karɓar haya da sunan ƙungiya tun yana raye, a kuma zauna da malami da lauya a kan takardun mallaka. Nan ma rajistar amintattu na da amfani, domin dukiyar ta zauna da sunan ƙungiya, ba da sunan shugaban da zai iya rasuwa ko ya sauya hali ba. A kuma ware wani kaso na haya don gyara, in ba haka ba damina biyar za ta mayar da shagon kango.

| Hanya | Abin da za ku kashe | Ɗorewa | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Karo-karo | Kusan babu | Mai kyau in ana bayyana lissafi | Mai sauƙi | Gajiyar mambobi, tsadar rayuwa |
| Uban ƙungiya | Kuɗin taro, sintiri | Gwargwadon ransa da aljihunsa | Mai sauƙi in akwai mai iso | Alkawarin baka, tauye gaskiya |
| Tallafin waje | Rajista, lauya, watanni | Shekara 1 zuwa 2 | Mai wuya | Yankewa, sharuɗɗa, canjin kuɗi |
| Gwamnati | Zirga-zirga | Har a sauya gwamnati | Tsaka-tsaki | Rashin sakin kuɗi |
| Hubusi | Shekarun lallashi, takardu | Mafi daɗewa | Mai wuya a farko | Magada, cin amana |

Wa ya dace da wanne?

In zaman karatu kuke yi na wata-wata a ajin wata makaranta, karo-karo ya ishe ku. Kada ku wahalar da kanku da rajista tukuna, kuɗin lauya ya fi amfani a littattafai.

In taron shekara ne, kamar Ranar Hausa ko gasar rubutu ta 'yan sakandare, ku nemi masu ɗaukar nauyi da yawa, kowa da abin da zai ɗauka: wannan zaure, wancan kyaututtuka, gidan rediyo kuma sanarwa. Ku tsara taron a kan abin da ya shigo hannu, alkawari in ya cika ya zama na baɗi.

In takardu ne gara ke ci, ko tsofaffi ne ake rasawa ɗaya bayan ɗaya, lokaci ba ya jiran karo-karo. Wannan aikin tallafin waje ne, tare da jami'a ko gidan tarihi da zai tsaya muku. Ku fara da ƙarami don ku koyi riƙe rasit da rubuta rahoto. Amma naɗar murya kada ta jira amsar kowa, wayar da ke aljihunku ta isa a fara gobe, a ajiye kwafi a wuri biyu.

In littafin tarihin gari za ku rubuta, musamman mai taɓa sarauta, filaye ko asalin zuriya, ku biya daga aljihunku ko da zai fito a takarda mai araha.

In kuma ɗakin karatu kuke so wanda jikokinku za su tarar a buɗe, ku roƙi attajiri ginin da kayan ciki, ku riƙe cefane da karo-karo na shekarun farko, ku kuma naɗa mutum biyu masu haƙuri da mutunci a gari waɗanda aikinsu ɗaya ne tak: neman wanda zai tsayar muku da shago.